Ranar da Malam Ina-zuwa Ya Zauna

A Gumel in ka tambayi gidan Malam Abdurra'uf sai an ɗan yi shiru ana tunani. Amma ka ce Malam Ina-zuwa, mai shayi ma zai ajiye buta ya nuna maka lungun da ya bi yanzun nan, ya ƙara da cewa in ka yi sauri ka same shi, in ba ka yi ba tsaya nan, zai dawo ta nan ɗin.

Sunan daga bakinsa ya fito. Zai zauna a majalisa, a miƙo masa shayi, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofi ya ce, "Ina zuwa." Kuma yana dawowa, ba ya saɓa alkawari, sai dai ya tarar shayi ya huce, zance ya sauya sau uku. Tuwo a tsaye yake gama shi. Huɗubar Juma'a kuwa, Allah ya yafe masa, da yatsun ƙafa yake sauraronta, suna ta motsi a ƙarƙashin riga.

Mutumin Ɗanzomo ne, ɗan Ishaƙ magini, wanda a zamaninsa babu rumbun ƙasa mai kyan ciki daga nan har Sule Tankarkar da ba hannunsa ba ne. Ginin rumbu aikin haƙuri ne. A kwaɓa ƙasa da ramno, a ɗora sahu biyu a baki, a rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe, a tafi sai gobe. Karatun tsohon guda ne, kullum shi yake maimaitawa: baki ɗanye, gindi busasshe.

Wata rana aka yi rasuwa a Sule Tankarkar, tsohon ya tafi ta'aziyya ya bar wa Abdurra'uf, yana ɗan shekara ashirin, wani rumbu da ya kawo iya ƙugu. Saurayi ya dubi rumbu, ya dubi rana, ya ga babu dalilin da aikin kwana huɗu zai hana a yi shi yau. Ya ɗora sahu bakwai. Kafin la'asar rumbun ya fitar da tumbi ta gabas, ya ɗan yi nishi, ya zauna a ƙasa kamar tsohuwar da ta dawo daga rijiya.

Da Ishaƙ ya dawo bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da an manta. Ya zagaya tulin ƙasar sau ɗaya, ya ce, "Ra'ufu, kai ba za ka taɓa ganin abu yana girma ba. Sai dai ka tarar ya girma."

Daga nan Abdurra'uf ya bar gini. Ya yi kwandastan motar Gagarawa, ya bari saboda jiran mota ta cika. Ya koyi ɗinki wata uku, keken ya gaji da shi. Ya yi jan shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wannan ya ɗan dace da shi tunda shanun ma ba sa tsayawa. Daga ƙarshe wani kawunsa ya samo masa aikin kula da ɗakin gwaji a wata makarantar sakandare a Gumel, kuma nan Allah ya ajiye rabonsa, don aikin duk zirga-zirga ne: wanke kwalabe, ɗebo ruwa, kamo kwaɗi da fara da ƙadangare in za a yi darasin halittu. Shekara talatin da biyar babu ƙadangaren da ya tsere masa.

Abin da ya fi so a ɗakin shi ne wani tsohon madubin ganin ƙananan halittu, maikiroskof, irin na da wanda ba ya buƙatar lantarki, hasken taga yake kamowa da ɗan madubi a ƙasansa. Shi kaɗai ya rage mai lafiya, kuma Abdurra'uf ne ya raya shi, yana goge shi da tsumman da ko hularsa ba ta samu irinsa ba. Duk shekara yakan jiƙa yis ɗin burodi, ya ɗiga a fallen gilashi, ya saita, ya jera ɗalibai. "Ku duba da kyau. Ga uwa, ga 'yarta a goye. Haka suke haihuwa, 'yar ta tsiro daga jikin uwar. Na gaba!"

Ana saura kwana huɗu ya yi ritaya, ranar Litinin, yana nuna wa Malama Khairiyya inda komai yake. Ita ce sabuwar malamar darasin halittu, yarinya mai natsuwa, wadda a jami'a kan yis ɗin nan ta yi bincikenta na ƙarshe. Ranar Juma'a da sha biyu zai miƙa makullin ɗakin ga shugaban makaranta, daga nan kuma shi da madubin sai dai gaisuwa daga nesa.

"Baba," in ji ta, tana leƙa madubin, "ka san abin da ke ba ni mamaki? Ƙwayar nan kamar salka take, cike tam da ruwa, ruwan yana tura bangonta ta ko'ina. Bangon kuma mai tauri. To me ya sa 'yar take fitowa ta wuri ɗaya, ba ta kumbura gaba ɗaya ba?"

"Ikon Allah," in ji shi, yana ƙoƙarin ɗaukar bokiti.

"Ikon Allah ne, amma da tsari. Wuri guda take zaɓa. Ta tura masu sassauta bango can, ta tura kayan sabon bango can, duk su taru a ɗigo ɗaya. Inda ya yi laushi, nan ruwan ciki ke turowa ya kumburo, masu gini na biye suna ɗora sabo. Sauran jikin ba a taɓa shi. In sassautawa ta riga gini, sai ta fashe. In gini ya yi yawa babu sassautawa, sai ta tsaya cak."

Abdurra'uf ya ajiye bokitin. Abin da bai saba ba.

"Baki ɗanye," ya ce a hankali, "gindi busasshe."

"Na'am, Baba?"

"Babu komai, 'yata. Ci gaba."

Ta fito da waya ta nuna masa. Cikin daƙiƙa goma wata ƙwaya ta yi ƙurji, ƙurjin ya zama 'ya, 'yar ta kusa kai uwarta. Ya yi dariya har da tafi, ya ce ga halitta mai hankali, ba ta ɓata wa kowa lokaci.

"Ai gudu aka sa wa hoton," in ji Khairiyya. "A gaske sai ta ci awa ɗaya da rabi, ko biyu. Kai da ka shekara talatin da biyar da su, ai ka sha gani." Ta ɗago kai. "Ko ba ka taɓa ganin fitowarta ba?"

Ya ce, "Ina zuwa," ya fita da bokiti alhali ba a buƙatar ruwa.

A bakin famfo ya tsaya, ruwa na zuba yana malala. Dubban uwaye ya gani da goyo, bai taɓa ganin guda tana yinsa ba. Kullum tararwa yake. Maganar da ya zaci ya binne a Ɗanzomo shekara arba'in da suka wuce ta taso ta zauna masa a ƙirji. Ya dawo ya ce wa Khairiyya kada ta sake nuna masa wayar nan, don wannan wani ne ya zauna, shi kuma aka ba shi labari. Kafin ya miƙa makulli sai ya gani da idonsa.

Ranar Talata ya sayo yis a kanti, ya jiƙa da sukari, ya ɗiga, ya zauna. Minti goma sha biyar ya yi, wanda a wurinsa i'itikafi ne. Babu abin da ya motsa. Ya je ya duba ko an rufe tagar aji uku, ya dawo, zafin Gumel ya shanye ɗigon, ƙwayoyin sun bushe sun manne kamar ƙanzo.

Da ya kai ƙara gida, matarsa Zinariya tana wanke tanda. Shekara talatin tana tuyar waina a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa leƙa madubi ba, amma ta saurare shi har ƙarshe, tana binsa da ido yana kai da kawo a tsakar gida.

"Yis ɗin kanti ai barci yake, Malam. Ko ni sai na lallashe shi. Ka ɗebi ruwan saman kullun da ya kwana, waɗancan sun farka suna cikin aiki. Saman fa, kada ka zurfafa ludayi ka kwaso shinkafa." Ta miƙo masa ɗan gwangwanin man kaɗanya. "Wannan kuma ka shafe gefen gilashin, iska ba za ta sha ruwan ba. Sai dai ban ga abin da zan shafa maka a gindi ya manne da kujera ba."

Ranar Laraba komai ya yi daidai. Ruwan kullu ya cika da ƙwayoyi masu ƙiba, man kaɗanya ya tsare gefe. Ya zaɓi wata ƙosasshiya wadda ba ta da goyo, ya kafa mata ido.

"Salamu alaikum!"

Maigadin makaranta ne, dattijo, ya ji ana cewa Malam zai tafi, ya zo sallama. To wa zai amsa wa dattijo sallama da ƙeya? Abdurra'uf ya miƙe, aka yi musabaha da hannu biyu, aka tambayi iyali da gajiya da zafi da labarin damina. Gwiwarsa ta bugi tebur wajen tashi. Da ya koma, ƙosasshiyar ta ɓace cikin dubu irinta.

Ya zaɓi wata. Malamin lissafi ya shigo. Ya zaɓi wata. Masu dafa abinci suka shigo su huɗu, kowacce da tata gaisuwar, ba a haɗa su a amsa ɗaya. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana yi wa kowa aike, ai ba a barinsa ya tafi shiru. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba kuma ita ce, duk sallamar da aka yi sai ya ji wani sanyi a ransa, don ƙafafunsa sun riga sun fara roƙo.

Ranar Alhamis ya rufe ƙofa. Aka koma taga, kuma tagar ita ce fitilarsa, duk kan da ya leƙo sai duhu ya rufe madubin. Duk da haka ya yi minti arba'in a kan wata ƙwaya, abin da ya kamata a rubuta a allo. Sai ya ji kamar tururuwa na bin cinyarsa. Ya ce wa ƙwayar, da bakinsa, "Ina zuwa." Zagaye ɗaya kawai ya yi wa filin ƙwallo, sai dai a hanya ya tarar ana sauke buhunan gero ya kama musu, aka ce babur ɗin wani ya ƙi tashi ya tura. Da ya dawo ga ta nan inda ya bar ta, ba ta gusa ba, da 'yarta ƙatuwa a goye.

Ya daɗe a tsaye. Ya rufe madubin da tsummansa ya tafi gida da rana tsaka.

Zinariya ta ga ya shigo, ya zauna a kan turmi, ya tashi, ya koma kan tabarma, ya tashi. Ta bari sai da ya yi zagaye na uku.

"Ta haihu ba ka nan?"

"Tsoho ya faɗa," in ji shi. "Ni mai tararwa ne."

"Allah ya jiƙan Baba, amma bai zauna da kai shekara talatin da biyu ba, ni na zauna. Wuri biyu na san kana zama. Tahiya, da gaban Ɗanjuma." Ta gyara ɗaurin zani. "Gobe Juma'a, da ma ranar askinka ce."

Ɗanjuma wanzami ne, sa'ansa, tare suka yi wasan ƙasa a Ɗanzomo, kuma shi kaɗai ne a Gumel yake kiransa Ra'ufu. Da takwas da rabi na safiyar Juma'a ya shigo ɗakin gwaji da zabirarsa a kafaɗa, yana duban kwalaben da aka jiƙa macizai a ciki yana neman tsari.

"Na yi aski a kasuwa, na yi a gidan biki, na yi wa mai jinya a kwance. Ban taɓa yi wa mutum yana leƙen rami ba. Sunkuya, Ra'ufu. Ai ka ma kyauta min, ga ƙeya a shimfiɗe kamar faranti."

Khairiyya ta saita hasken, ta ce ya zaɓi inda uku ko huɗu marasa goyo suke kusa da juna, don in wata ta ƙi wata ta yi. Ya samu uku a jere. Ɗanjuma ya jiƙa kan da ruwa, ya wasa aska a tafin hannu, ya ɗora ta a bayan kunne. Sanyin ƙarfen ya ratsa Abdurra'uf har tafin ƙafa, jikinsa ya yi tsit.

"Salamu alaikum!" Limamin masallacin makaranta ne da kansa.

Abdurra'uf ya yunƙura. Liman ya ɗaga hannu da sauri. "A'a, a'a, zauna, Malam! Kada a yanke ka a kaina. Sannu da aiki, wanzam." Aka yi gaisuwar duka da baki, ido na cikin madubi, babu wanda ya ga rashin ladabi. Wanda ke ƙarƙashin aska ko hakimi ya shigo ba ya tashi, kowa ya san wannan. Duk wanda ya leƙo bayan liman haka ya yi, ya gai da Ɗanjuma, ya bar saƙo, ya wuce a hankali kamar mai fita daga ɗakin jariri.

Matsalar ita ce kan Abdurra'uf ba gona ba ne. Cikin minti ashirin Ɗanjuma ya gama shi tas, ƙwayoyin nan uku kuwa ko gezau.

"An gama?" in ji Abdurra'uf, da wata murya mai fata.

"Wa ya ce? Akwai saura a nan." Ya sake jiƙa kan, ya koma farko, yana bin fatar da babu ko gashi ɗaya, a hankali kamar mai karatun wasiƙa.

Ƙafar dama ta fara rawa. Tebur ya soma amsawa.

"Ra'ufu, in ƙafar nan ta sake motsi, kunne ne zai biya. Kuma kunnenka da ma ba wani abin a zo a gani ba ne, balle guda."

Ƙafa ta tsaya. Idon dama ya cika da hawaye, ya koma na hagu. Rana ta gusa, Khairiyya ta sa yatsa biyu ta juya ɗan madubin ƙasa ba tare da ta taɓa tebur ba. Bayansa ya ƙage. Ya tuna bai rufe famfo da kyau ba, ya tuna akwai wani mai gyaran rediyo da ke jiransa tun watan jiya, ya tuna abubuwa goma sha da duniya za ta lalace in bai je ya duba su yanzu ba. Minti hamsin.

"Ɗanjuma, don Allah, ina zu..."

Aska ta ɗan kwanta a kan jijiyar wuya. "Ina za ka? Gidan wa? Da rabin kai?"

"Ai ka gama kan nan tun ɗazu, azzalumi."

"Ni ne wanzami ko kai?"

Abdurra'uf ya mayar da hankali kan madubi. Ƙwayar tsakiyar ce. Ba motsi ya gani ba, don babu abin da ya motsa. Amma gefenta na sama, wanda ɗazu yake a zagaye sumul, yanzu ya ɗan yi tsini, kaɗan ƙwarai, har ya zaci hawayen idonsa ne. Ya ƙifta. Tsinin na nan. Bai ɗauke ido ba, kuma abin ya sauya a gabansa, yadda inuwar katanga ke cin tsakar gida.

"Malama," ya ce da raɗa, kamar ƙwayar za ta ji ta fasa. "Ta fara. Ta sama."

"Kada ka ɗago, Baba."

Ko ba ta faɗa ba. Tsinin ya zama ƙurji. Ƙurjin ya miƙe gaba, ta kansa kawai yake ƙaruwa, can inda yake ɗanye. Uwar kuwa ko kaɗan ba ta ƙaru ba, tana nan yadda take, bangonta a tsaye, duk abin da take da shi tana turawa ta wannan 'yar ƙofa. Wuyan da ke tsakaninsu ya tsuke bai buɗe ba, kamar an ɗaure shi da zobe. Can sai 'yar ta daina tsawo ta fara cika ta ko'ina, tana zagayewa, tana fitar da ciki irin na rumbun da aka bi shi sahu biyu-biyu. Ya ga hannun tsohonsa yana shafa baki da jiƙaƙƙen tafi, yana ja da baya ya duba, yana rufewa da buhu. Shekara ashirin yana kusa da hannun nan, bai taɓa tsayawa ya ga sahu ya hau sahu ba.

Wani abu ya ɗiga a kan tebur. Ya ce idon hagun ne ke ruwa, kowa kuma ya yarda.

Bai san shigowar Zinariya da kwanon waina ba. Bai san sha ɗaya ta wuce ba. Sai da ya ji wata dariya ƙasa-ƙasa daga can ƙarshen ɗakin, da ƙarar cokali a kwano, sannan ya lura ƙeyarsa ta bushe, iska na kaɗa ta, kuma babu ƙarfe a kanta.

"Ɗanjuma?"

"Na'am," in ji wanzami daga nesa, da baki cike. Yana zaune a kan benci kusa da kwalaben macizai, zabira a naɗe, yana tsoma waina a miyar taushe. "Ci gaba da abinka. Na fi minti arba'in da mayar da aska kube. Hajiya ce ta ce kada a gaya maka."

"Ni ban ce komai ba," in ji Zinariya. "Ido kawai na yi masa."

Abdurra'uf bai juyo ba. 'Yar ta kai kusan rabin uwarta, kuma Khairiyya ta ce in ya ƙara haƙuri zai ga an gina katanga a wuyan, ta raba su, ta bar wa uwar tabo.

Sha biyu saura kaɗan shugaban makaranta ya iso da kansa, da babbar rigar Juma'a, malamai biyu na biye, don a karɓi makulli a yi addu'a kafin masallaci. Ya yi sallama. Aka amsa masa daga cikin madubi. Ya dubi ƙeyar da ke ƙyalli kamar an shafa mata mai, ya dubi wanzami na cin waina, ya dubi Khairiyya.

"Malam Abdurra'uf, lokaci ya yi. Makullin fa?"

Makullin na aljihun gaba, hannu ɗaya zai kai masa. Abdurra'uf bai kai hannun ba, kada tebur ya motsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina zuwa."

Shugaban ya jira ya ga ya miƙe, yadda kowa a Gumel ya saba gani bayan wannan kalma. Bai miƙe ba. Da aka ɗan jima Zinariya ta jawo wa shugaban kujera, ta zuba masa waina uku.